Tarihin Ra'in Lissafin Inji da Yadda Ya Zama Darasi a Jami'a

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya shiga sashen kimiyyar kwamfuta a jami'a yakan shiga ne da zaton cewa zai ƙare shekarun karatunsa a gaban inji yana rubuta shirye-shirye. Sai tafiya ta yi tafiya ya yi karo da wani kwas wanda ba a bukatar kunna kwamfuta a cikinsa ko sau ɗaya, malami yana zana da'irori da kibau a allo, ɗalibai suna kafa hujjoji a takarda. Wannan kwas shi ne ra'in lissafin inji. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar sa a matsayin kaya mai nauyi marar amfani, a haddace shi don jarrabawa a manta da shi, har akan sami masu ganin ya kamata a rage shi a ba darussan da kasuwa take nema fili.

Tambayoyi uku ne wannan fanni ya ginu a kansu. Ta farko, mene ne ainihin lissafi, kuma wane irin inji ne yake iya yin sa? Ta biyu, shin akwai matsalar da babu injin da zai iya warware ta komai ƙarfinsa? Ta uku, daga cikin matsalolin da ake iya warwarewa, waɗanne ne ake iya gamawa da su cikin lokacin da hankali zai ɗauka? Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda tambayoyin nan suka taso, da mutanen da suka amsa su, da yadda amsoshin suka taru suka zama darasi guda. Za a kuma nuna cewa masu nazarin harshe suna da rabo a cikin wannan tarihi, domin wani babban ɓangare na kwas ɗin daga nazarin nahawu ya fito.

2.0 Lissafi Kafin Samuwar Inji

Tsararriyar hanyar warware matsala mataki-mataki ta girmi kwamfuta da shekaru fiye da dubu biyu. A wajen shekara ta 300 kafin miladiyya, Euclid na birnin Iskandariyya ya rubuta hanyar gano babbar lambar da take raba lambobi biyu ba saura. Idan aka ɗauki 48 da 18, sai a raba babba da ƙarama a sami saura 12, a raba 18 da 12 a sami saura 6, a raba 12 da 6 babu saura, amsa ke nan 6. Wanda ya bi matakan zai isa ga amsa ko da bai san dalilin da ya sa hanyar take aiki ba. Wannan sifa ita ce ruhin abin da ake kira algoridim.

Ita kanta kalmar daga sunan mutum ta samo asali, wato Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a farkon ƙarni na tara. Littafinsa a kan lissafi da lambobin Indiya an fassara shi zuwa Latin a ƙarni na goma sha biyu, inda aka jirkita sunansa, daga nan kuma kalmar ta bazu a harsunan Turai. Malaman ƙasar Hausa ma sun san irin wannan aiki. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alkahira a 1741, ya rubuta hanyoyin cike gidajen hatimi da lambobi ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya, kuma hanyoyin nasa ƙa'idoji ne da ake bi daki-daki.

A ƙarni na goma sha bakwai Bajamushe Gottfried Leibniz ya ƙera injin lissafi, ya kuma yi burin a samar da wani harshe na alamomi wanda zai mai da kowace gardama ta zama lissafi, ta yadda masana biyu da suka saɓa za su zauna su lissafa su ga mai gaskiya. Duk da haka, har zuwa farkon ƙarni na ashirin babu wanda ya ba da ma'anar algoridim a ƙa'idance. Ba a ji bukatar hakan ba, domin wanda ya samo hanya nuna ta kawai zai yi kowa ya gani. Bukatar ta taso ne ranar da aka so a tabbatar da cewa wata matsala ba ta da hanya sam, domin ba a iya cewa babu abu sai an san iyakar abin da ake nema.

3.0 Burin Hilbert da Hukuncin Gödel

A ƙarshen ƙarni na goma sha tara ilmin lissafi ya shiga wani ruɗani. Georg Cantor ya nuna cewa adadi marar iyaka ma hawa-hawa ne, wani ya fi wani yawa, sannan a 1901 Bertrand Russell ya gano wata tufka da warwara a tushen nazarin rukunoni. David Hilbert na Jami'ar Göttingen, wanda yake cikin manyan masana lissafi na zamaninsa, ya ɗauki aniyar kafa fannin a kan tushen da ba zai girgiza ba. A taron masana lissafi na duniya da aka yi a Paris a 1900 ya gabatar da jerin matsalolinsa, waɗanda suka kai 23 a rubuce, ta goma daga ciki tana neman hanyar da za a bi a gane ko wani nau'in ma'aunin lissafi yana da amsa cikin cikakkun lambobi.

A 1928 Hilbert ya ƙara fayyace burinsa. Yana son a tabbatar da cewa tsarin lissafi cikakke ne, wato kowace magana ana iya tabbatar da ita ko a ƙaryata ta. Yana son a tabbatar da cewa tsarin ba ya saɓa wa kansa. Sannan, a littafin manɗiƙi da suka wallafa tare da Wilhelm Ackermann a wannan shekara, sun nemi a samo hanya guda wadda za a ba ta kowace magana ta manɗiƙi ta yanke hukunci ko tana tabbatuwa ko ba ta tabbatuwa. Wannan ita ce aka sani da matsalar yanke hukunci.

Kurt Gödel, wani matashi a birnin Vienna, shi ya rusa buri biyu na farko a maƙalarsa ta 1931. Ya nuna cewa duk tsarin ƙa'idojin da ya isa ya ɗauki lissafin lambobi, matuƙar ba ya saɓa wa kansa, akwai maganganu a cikinsa da ba ya iya tabbatarwa ko ƙaryatawa, kuma ba ya iya tabbatar da rashin saɓaninsa da kansa. Dabarar da ya yi amfani da ita ita ce ba wa kowace magana lambarta, ta yadda lissafi zai iya yin magana a kan kansa. Wannan dabara ta mai da umarni ya zama lamba ita ce daga baya ta zama ginshiƙin kowace kwamfuta. Buri na uku kuwa ya saura, yana jiran wanda zai ba da ma'anar hanya.

4.0 Shekarar 1936

Amsar ta zo ta hannun mutum uku a shekara ɗaya, kowa da tafarkinsa. Alonzo Church na Jami'ar Princeton a Amurka ya yi amfani da wani tsarin alamomi da ya ƙirƙiro mai suna lissafin lamda, ya nuna cewa matsalar yanke hukunci ba ta da mafita. Emil Post a New York ya siffanta ma'aikaci mai bin umarni yana sa alama a akwatuna yana gogewa. Amma siffar da ta fi gamsar da masana, har da shi Gödel, ita ce ta Alan Turing, ɗan shekara 23 a Jami'ar Kambirij ta Ingila, wanda ya ji labarin matsalar a laccocin Max Newman a 1935, ya miƙa maƙalarsa a watan Mayu na 1936.

A wancan zamani kalmar Ingilishi da ake kiran kwamfuta da ita a yau sunan mutum ce, wato akawun da aka ɗauka aiki don ya yi lissafi da fensir da takarda. Turing ya dubi wannan akawu ya tambayi abin da yake yi a haƙiƙa. Yana duban alama ɗaya ko kaɗan a lokaci guda, yana riƙe da ɗan taƙaitaccen abu a ransa, yana rubutawa ko gogewa, sannan ya matsa gaba ko baya. Daga nan Turing ya zana injinsa na tunani: dogon tef marar iyaka wanda aka raba gida-gida, da kai mai karanta gida ɗaya ya rubuta a cikinsa, da halaye ƙidayayyu da injin yake iya kasancewa a ciki, da jadawalin da yake cewa idan injin yana hali kaza ya ga alama kaza, to ya rubuta kaza, ya matsa dama ko hagu, ya koma hali kaza. Iyakar injin ke nan.

Abu biyu ya fitar daga wannan siffa. Na farko, tun da jadawalin kowane inji ana iya rubuta shi da alamomi a kan tef, to ana iya gina inji guda wanda zai karanta jadawalin kowane inji ya kwaikwayi aikinsa. Wannan shi ne inji gama-gari, kuma shi ne dalilin da ya sa waya ɗaya a yau take aika saƙo, ta nuna hoto, ta yi lissafin kuɗi, ba tare da an sake mata ƙarfe ba.

Na biyu shi ne iyaka. A siffar da ake koyarwa a aji a yau, wadda ta yaɗu da sunan matsalar tsayawa tun shekarun 1950, hujjar tana tafiya kamar haka. A ƙaddara akwai wani shiri, a kira shi Alƙali, wanda idan aka ba shi kowane shiri tare da abin da za a ciyar da shirin, zai faɗa ba kuskure ko shirin zai gama ya tsaya ko zai yi ta juyawa har abada. Sai a gina wani shiri, a kira shi Ɗan-gardama, wanda aikinsa shi ne idan aka miƙa masa wani shiri ya tambayi Alƙali me wannan shiri zai yi idan aka ciyar da shi da rubutun kansa, sannan ya aikata akasin amsar. Idan Alƙali ya ce zai tsaya, Ɗan-gardama ya yi ta juyawa. Idan ya ce ba zai tsaya ba, Ɗan-gardama ya tsaya nan take. To sai a miƙa wa Ɗan-gardama rubutun kansa. Duk amsar da Alƙali ya bayar a kansa, akasinta ce za ta faru. Ke nan Alƙali ya yi kuskure, alhali an ƙaddara ba ya kuskure. Abin da ya rage shi ne a yarda cewa irin wannan Alƙali ba ya samuwa.

Turing ya nuna cewa injinsa da tsarin Church ƙarfinsu ɗaya, ya kuma tafi Princeton ya yi digirinsa na uku a ƙarƙashin Church, ya gama a 1938. Haɗuwar tafarkuna mabambanta a wuri guda ita ta sa masana suka amince da abin da ake kira da'awar Church da Turing, wato duk abin da ake iya lissafawa ta bin ƙa'ida, injin Turing yana iya lissafa shi. Ba a tabbatar da wannan da'awa kamar yadda ake tabbatar da hukuncin lissafi, amma har yau ba a samo hanyar da ta ƙetare ta ba. A 1953 Henry Rice ya faɗaɗa iyakar, ya nuna cewa babu hanya gama-gari ta gane kowace sifa mai ma'ana ta abin da shiri yake lissafawa. A 1970 kuma Yuri Matiyasevich, bisa aikin Julia Robinson da Martin Davis da Hilary Putnam, ya tabbatar da cewa matsalar Hilbert ta goma ita ma ba ta da hanya. Abin lura shi ne an san iyakar kwamfuta tun kafin a ƙera ta, domin injin farko na lantarki da ya gudanar da shirin da aka adana a cikinsa sai a watan Yuni na 1948 ya yi aiki a Manchester.

5.0 Ƙananan Injuna da Nahawu

Kodayake injin Turing shi ya fara zuwa a tarihi, a aji ba da shi ake farawa ba. Ana farawa ne da inji mai ƙidayayyun halaye, wanda ba shi da tef ɗin rubutu, abin da ya sani kawai shi ne halin da yake ciki. Misali mafi sauƙi shi ne inji mai hali biyu, cika da mara, wanda yake sauya hali duk lokacin da ya ga wata alama, ta haka a ƙarshe ya iya faɗin ko alamar ta zo sau cika ko sau mara ba tare da ya ƙidaya ba. Asalin wannan tunani daga nazarin ƙwaƙwalwa ya fito, a maƙalar Warren McCulloch da Walter Pitts ta 1943 a kan jijiyoyi. Stephen Kleene, ɗalibin Church, ya bayyana a 1951 ainihin irin jerin alamomin da waɗannan injuna suke iya ganewa, aka wallafa aikin a 1956. A 1959 Michael Rabin da Dana Scott suka kawo injin da aka yarje masa zaɓi tsakanin hanyoyi da yawa, suka nuna cewa bai fi na talaka ƙarfi ba, sai dai na talakan yana iya bukatar halaye masu ɗimbin yawa kafin ya kwaikwaye shi.

A daidai wannan lokaci ne Noam Chomsky yake tambayar wane irin nahawu ne ya isa ya siffanta harshen ɗan Adam. A maƙalarsa ta 1956 da littafinsa na 1957 ya kafa hujja cewa inji mai ƙidayayyun halaye bai isa ba, saboda jumla tana iya shiga tsakiyar wata jumla. Hausa ma tana nuna hakan. Ana cewa: dokin ya gudu. Ana cewa: dokin da mutumin ya saya ya gudu. Ana kuma iya cewa: dokin da mutumin da yaron ya gani ya saya ya gudu. A jumla ta uku sunaye uku sun jeru, aikatau uku sun biyo baya, kuma sunan ƙarshe shi ke da aikatau na farko, sunan farko shi ke da na ƙarshe. Kunne yana gajiya da irin wannan jumla tun daga hawa na uku, amma ƙa'idar nahawu ba ta sa mata iyaka ba. Injin da zai daidaita sunaye da aikatau a kowane hawa dole ya tuna adadin da ya wuce, kuma inji mai ƙidayayyun halaye ba ya iya riƙe adadin da ba shi da iyaka. Abin da ake bukata shi ne inji mai tari, wanda yake ɗora abu bisa abu kamar yadda ake jera kwanuka, na ƙarshen ɗorawa shi ne na farkon ɗaukewa.

A 1959 Chomsky ya tsara nahawu hawa huɗu, kowanne ya fi na ƙasa da shi ƙarfi, kuma cikin 'yan shekaru aka tabbatar da cewa kowane hawa yana da injin da ya yi daidai da shi. Na ƙasa abokin inji mai ƙidayayyun halaye ne. Na biyu, wanda ƙa'idojinsa ba sa duban muhalli, irin wadda take cewa jumla ta ƙunshi yankin suna da yankin aikatau, abokin inji mai tari ne. Na uku yana duban muhalli, na huɗu kuwa ƙarfinsa ɗaya da injin Turing. A wannan tsakani John Backus da Peter Naur suka tsara yadda za a rubuta ƙa'idojin harshen kwamfuta na ALGOL, wanda rahotonsa ya fito a 1960, ba da jimawa ba aka gane cewa tsarin nasu daidai yake da hawa na biyu na Chomsky. Tun daga nan bishiyar li'irabi, wadda ɗalibin ginin jumla yake zanawa, ta zama ita ce shirin tafinta yake ginawa a duk lokacin da yake mai da rubutun mai shirya kwamfuta zuwa umarnin inji.

Muhawarar ko hawa na biyu ya isa harshen ɗan Adam ta ɗauki kusan shekara talatin, kuma wani harshe na Afirka ta Yamma ya shiga cikinta. A 1985 Christopher Culy ya kafa hujja da harshen Bambara na ƙasar Mali, inda ake maimaita suna ɗungurungum, komai tsawonsa, don a ba da ma'anar kowane, a shekarar da Stuart Shieber ya kafa tasa hujjar da Jamusancin Suwizalan. Dalilin shi ne tari yana dawo da abu a juye, saboda haka ba ya iya tabbatar da cewa rabi na biyu kwafin rabi na farko ne a jere. Cikakken ninki na Hausa, irin su maza-maza da kashi-kashi da gida-gida, siffarsa ke nan. Bambancin shi ne hujjar Bambara ta dogara ga cewa sunan da ake ninkawa yana iya tsawaita ba iyaka, alhali idan kalmomi ƙidayayyu ne ana iya jera su kawai. Ko ta wane hali, mai son ya koya wa kwamfuta ginin kalmar Hausa dole ya fuskanci wannan batu, kuma a kwas ɗin ra'in lissafin inji ne ake samun ma'auninsa.

6.0 Batun Lokaci

Da kwamfutoci suka yawaita a shekarun 1960, sai aka ga cewa sanin matsala tana da hanya bai wadatar ba. A ɗauki falken da zai zaga garuruwa ya komo gida, yana neman hanya mafi gajarta. Idan garuruwan 10 ne, zagaye 181,440 ne mabambanta, kwamfuta za ta gwada su duka kafin ƙiftawar ido. Idan 20 ne, zagayen sun haura tiriliyan dubu sittin, injin da yake gwada biliyan ɗaya a daƙiƙa zai yi kusan shekara biyu. Idan 30 ne, injin nan zai yi shekara fiye da tiriliyan ɗari. An samo dabarun da suka fi gwajin kowane zagaye sauri nesa ba kusa ba, amma har yau ba a samo wadda take ba da tabbatacciyar amsa a kowane hali ba tare da lokacin ya yi irin wannan tashi ba.

Juris Hartmanis da Richard Stearns su suka aza harsashin auna matsaloli da lokacin da suke ci, a maƙalarsu ta 1965. A wannan tsakani Alan Cobham da Jack Edmonds suka ba da shawarar a ɗauki matsala a matsayin mai sauƙi idan lokacinta yana ƙaruwa a hankali, kamar ninkin girmanta sau biyu ko sau uku a kan kansa. Wannan rukuni shi ake kira P. Akwai kuma rukunin NP, na matsalolin da idan aka kawo amsarsu ana iya duba ingancinta da sauri, ko da nemo ta yana da wuya. A 1971 Stephen Cook na Jami'ar Toronto ya nuna cewa akwai wata matsala ta manɗiƙi a cikin NP wadda duk sauran ana iya juya su zuwa gare ta, ta yadda saurin warware ta saurin warware su ne gaba ɗaya. Leonid Levin ya isa ga irin wannan sakamako shi kaɗai a Tarayyar Sobiyat, aka wallafa a 1973. Richard Karp kuma a 1972 ya jera matsaloli 21 masu wannan hali.

Tambayar ko P daidai take da NP, wato ko duk abin da yake da sauƙin dubawa yana da sauƙin nemowa, har yanzu ba a amsa ta ba. A shekara ta 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay ta sa ta cikin matsaloli bakwai da ta ware wa kowace ladan dala miliyan ɗaya. Batun ya shafi aljihun kowa, domin tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka ƙirƙiro a 1977, ya dogara ne ga cewa ninka manyan lambobi biyu abu ne mai sauƙi, amma gano su daga sakamakon abu ne mai wuya. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum, idan an gina ta da girman da ya isa, za ta iya wannan aiki da sauri, abin da ya sa aka dukufa wajen neman sababbin hanyoyin tsaro. A 2002 kuma Manindra Agrawal da ɗalibansa biyu, Neeraj Kayal da Nitin Saxena, a Kanpur ta Indiya, suka tabbatar da cewa gane ko lamba ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya yana cikin rukunin P. Takarda da tunani ne jarin wannan aiki.

7.0 Shigar Fannin Manhajar Jami'a

Duk waɗannan sakamako sun fito ne a warwatse, wasu daga masu manɗiƙi, wasu daga injiniyoyin lantarki, wasu daga masu kimiyyar harshe. Abin da ya tara su shi ne bukatar sabon fanni ya nuna cewa yana da tushe na ilmi. Jami'ar Kambirij ta fara bayar da difloma a wannan fage a 1953, Jami'ar Purdue ta buɗe sashen kimiyyar kwamfuta na farko a Amurka a 1962, kuma a 1963 aka kafa cibiyar horarwa ta IBM a Jami'ar Ibadan. Masu shakka a lokacin suna cewa sarrafa inji sana'a ce, ba ilmin da jami'a za ta ba da digiri a kansa ba. Ra'in lissafin inji shi ne amsar da fannin ya bayar, domin hukunce-hukuncensa ba sa tsufa da tsufan inji.

A 1968 ƙungiyar ACM ta fitar da shawarar manhaja wadda ta tanadi darussa a kan injuna da harsuna da iyakar lissafi. A 1969 John Hopcroft da Jeffrey Ullman suka wallafa littafin da ya haɗa nahawu da injuna wuri guda, suka sake shi da faɗi a 1979, kuma wannan bugu ya zama madogarar malamai a ƙasashe da dama. A tsakiyar shekarun 1990 littafin Michael Sipser ya biyo baya da salo mai sauƙi, inda yakan bayyana manufar hujja kafin ya kawo ta dalla-dalla. Tsarin da waɗannan littattafai suka bi, daga ƙaramin inji zuwa inji mai tari zuwa injin Turing zuwa batun lokaci, shi ne kwas ɗin ya gada. Tsari ne mai sauƙin koyarwa, amma yana da illa ɗaya, wato ya juya tarihi. Ɗalibi yana haɗuwa da amsoshi makonni kafin ya ji tambayar Hilbert da ta haife su, shi ya sa yake ganin su kamar wasan alamomi.

8.0 Kammalawa

An ga yadda neman ma'anar algoridim ya kai ga injin Turing, yadda nazarin jijiyoyi da na nahawu suka samar da ƙananan injuna, da yadda ƙarancin lokaci ya haifar da tambayar da har yau take jiran amsa. Ɗalibin da ya fahimci wannan kwas ba zai yarda da mai cewa ya ƙera shirin da yake gano kuskuren kowane shiri ba, kuma idan aka ba shi matsala irin ta falke zai san ya nemi amsa mai kyau cikin lokaci maimakon ya ɓata shekaru yana neman cikakkiya. Ya kamata malaman kwas ɗin su riƙa fara shi da labarin 1928 da 1936, su kuma kawo misalan nahawu daga harsunan da ɗalibai suke magana da su. Haka nan sassan harsunan Nijeriya suna da dalilin buɗe ƙofa tsakaninsu da sashen kimiyyar kwamfuta, domin ɗalibin da ya iya zana bishiyar li'irabi ta jumlar Hausa ya riga ya riƙe ɗaya daga cikin manyan kayan aikin wancan sashe, saura a nuna masa inda ake amfani da shi.